Muryarka a Ƙasan Tafkin Gawo

Zuwa ga Yayana, babban wa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ƙani ke yi wa wansa, da roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama da yalwar makwanci. A makaranta an koya mana cewa daga gaisuwa sai tambayar lafiya da aiki da iyali. Na daɗe riƙe da biro a daidai wannan layin, don ban san yadda ake tambayar lafiyar wanda ya riga mu gidan gaskiya ba. Saboda haka na tsallake. Dalilin rubuto maka wannan takarda shi ne in sanar da kai abu biyu: laifin da na yi maka, da wata kalma guda da Inna ta faɗa, wadda kai ya kamata ka ji, amma ni na ji.

Inna ta biyo ka wata biyu ke nan. Da ita muke riƙe da maganar nan, ko da yake ba mu taɓa zama mun yi ta ba. Yanzu saura ni kaɗai a ɗakin nan nawa na Dutse, kuma na gaji da riƙonta. Na san takardar ba za ta iso ka ba. Waɗansu ne za su karanta, mutanen da ba su san ka ba, ba su san ƙauyenmu na gefen Aujara ba. Su karanta, ba komai.

Bari in fara daga Tafkin Gawo, tunda can ka fara koya min abin da ban riƙe ba sai da ya yi min tsada.

Kana sakandare ka zo hutu, ni ina firamare. An kwana ana ruwa, da safe Baffa ya tura mu shayar da shanu. Ƙorama ta kawo ja wur, ɗauke da kara da yashi da kashin shanu. Ka tsayar da ni a daidai inda take faɗawa cikin tafki, ka ce in buɗe ido. Jan ruwan yana shiga, ya yi kamar taku goma sha, sai ya ɓace. Daga nan gaba ruwan tafki a kwance yake garau, sai tarkacen kara da suka jeru a layi ɗaya suna juyawa wuri guda. Ka ce, “Habu, ina jan ruwan ya tafi?” Na ce ya narke. Ka ce kaina ne ya narke.

Ka ja hannuna muka shiga ta gefe har ruwa ya kawo min ƙirji. A sama akwai ɗumi, babu ko motsi. Amma a idon sawuna wani abu mai sanyi mai nauyi yana wucewa, yana jan ƙafata, yashi yana cizon fatata. Na kurma ihu na ce ’yan ruwa sun kama ni. Ka yi dariya har ka sha ruwa ka sarƙe. Da ka gama tari ka ce min ruwan da ya ɗauko laka ya fi garau nauyi, ba zai iya zama a sama ba, dole ya nutse ya bi gangaren ƙasa ya tafi can inda ya fi zurfi. Ka ce rafi ne sosai, a ƙarƙashin wani ruwan yake tafiya.

Ban yarda ba, sai da muka koma gida ka karkata kwanon ruwa, ka tsiyaya kunun Inna a gefensa, muka ga kunun ya nutse yana rarrafe a gindin kwano. Inna tana kallon bango ta ce, “A faɗa wa wancan kunun na sha ne.”

Wancan. Haka ka tashi, haka ka girma. Kai ne ɗan fari, kuma ka san yadda gidanmu yake da kunyar ɗan fari. Inna ba ta faɗin sunanka, ba ta kallon idonka, ba ta yi maka magana sai ta bakin wani. In ta ajiye maka nono mai kyau, sai ta ce saura ne aka rasa mai sha. Mu ƙannenka, ni da Hansatu, ana kiran sunanmu sau ɗari a yini, yawanci don faɗa. Ina yi maka kallon wanda ya huta, ban san kana lissafi a zuciyarka ba.

Ka tafi jami’a ka karanta ilimin ƙasa da duwatsu. Shekarar da ta biyo bayan ƙirƙiro jiharmu, aka ɗauke ka aiki a kudu, a jirgin ruwa mai auna ƙasan teku. Mutanen gari suka yi ta mamaki, ɗan makiyaya da ya tashi inda ruwa ke ƙafewa rabin shekara, wai shi ne a teku. Ni kuma na samu aikin buga takardu a wani ofis a Dutse, lokacin garin bai gama gane cewa ya zama babban birni ba. Ɗaki ɗaya na samu da kyar a gindin dutse, shi ne har yau nake ciki.

Tunda Inna ba ta karatun boko, ba ka aiko da takarda ba, sai kaset. Direban nan mai kai shanu kudu shi ke kawowa. Kuma Yaya, Allah Ya gafarta maka, rowarka ce ta fara jawo mana. Maimakon ka sayi sabon kaset, sai ka sayi tsofaffin na waƙoƙin Indiya a kasuwar Fatakwal, ka toshe ramukan sama da takarda, ka naɗi muryarka a kai. Hotunan matan nan da ɗigo a goshi suna nan manne a jiki yadda suke. In ka yi sallama a ƙarshe, sai ragowar waƙar ta fashe da ƙarfi, Hansatu ta tashi tana rawa.

Duk ranar da kaset ya iso, bayan la’asar a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a sa sabon batir a rakoda, maƙwabta su shigo. Kana fara magana Inna za ta miƙe ta ɗauki faifai ta koma bayan rumbu, wai tsintar wake take yi. Waken nan ba ya ƙarewa sai ka yi sallama.

Kaset na uku shi ne na teku. Na saurare shi har na kusa haddacewa. Ka ce, “Habu, abin nan da ya kama ƙafarka a Tafkin Gawo, na zo na tarar da ubansa.” Ka ce ƙasan teku ba shimfiɗe yake ba, akwai wurin da yake gangarawa kamar bakin kwazazzabo. Manyan koguna suna kawo laka da yashi suna jibgewa a bakin gangaren shekara da shekaru, wata rana tulin ya zabtare. Ya gauraya da ruwa, ya yi nauyi, ya kama hanya ta ƙasa da gudun da doki ba zai kamo shi ba, ya yi tafiyar da ta fi daga nan zuwa Kano sau da yawa. Ka ce yana tsinka wayoyin da aka shimfiɗa a ƙasan teku, yana tura bututu daga inda aka kwantar da shi. Ku kuma kuna sama cikin jirgi, shayin da ke kofinka ko girgiza bai yi ba.

Ka ce aikinku shi ne ku zura dogon bututu ya caki ƙasan, ku zaro shi, ku tsaga shi biyu ku karanta. Tsakuwa da yashi mai kauri a ƙasa, don su ke fara kwanciya, sai rairayi, sai laka mai laushi a sama. Sai kuma wani yashin, wata lakar. Kowane hawa, wucewa ɗaya ke nan. Ka ba mu labarin wata na’urarku da kuka ajiye a bakin gangare, kuka dawo babu ita, kuka yi kwanaki kuna lalube a wurin. Daga baya aka tsinto ta can nesa, a binne. Ka ce, “Abin da ya faɗa bakin gangare, kada ka ɓata ƙarfinka a inda ya faɗa. Je ka inda ya fi zurfi ka tona.”

Kowane kaset iri ɗaya kake rufe shi: “Inna, na san kina bayan rumbu. Ina gaisuwa. Ba sai kin amsa ba.” A wannan na ukun ka ƙara da cewa, “Ni dai har yau ban san yadda sunana yake a bakinki ba. In na zo Sallah sai na yi miki wayo kin faɗa.” Duk tsakar gida aka kwashe da dariya. Daga bayan rumbu ba mu ji komai ba sai ƙarar wake a faifai.

Ka zo Sallah sau uku, ba ka yi nasara ba. Akwai ranar da ka kawo wani yaro mai sunanka ka ce ta kira shi ya karɓi fura, ta ce, “Kai, mai sunan mutane, zo nan.”

Sai zazzaɓin kwana uku. Hausawan can suka yi maka sutura, suka binne ka a ƙasar da babu ɗayanmu da ya taɓa takawa. Direban da ke kawo kaset shi ya kawo jakarka da labarin. Baffa ya riga ya rasu, ni na karɓe shi a zaure. Da na shiga na faɗa wa Inna, ta yi salati, ta ɗauki ƙwarya ta tafi tatsa. Ba wanda ya ga hawayenta. Bayan sadakar bakwai ta tattara kaset ɗinka goma sha ɗaya, ta sa a adaka, ta kulle. Da idona na gani, Yaya. Wannan ganin shi ya yaudare ni.

Daga nan zuwana gida ya ragu. Da duk ƙarshen mako ne, ya koma ƙarshen wata, ya koma sai an aiko. Ina cewa aiki ne ya yi yawa. Gaskiyar ita ce gidan ya yi min faɗi da babu kai, kuma ni da Inna ba mu iya zama mu yi shiru tare ba. Na gwammace in zauna a ɗakina ina kallon dutse ta taga.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari’a, ba ka ga Dutse ba. Mutane sun yi murna ta gaskiya, ni ma ina cikinsu, kuma har yau ba na jin kunyar wannan murnar. Abin da nake jin kunya nawa ne ni kaɗai. Na tara gemu, na ɗage wando, na haddace hadisi huɗu, na ɗauka na gama karatu. Mutumin da ya kasa zuwa ya gaida mahaifiyarsa wata huɗu, shi ne yake ganin an ɗora masa gyaran duniya. Da kana nan da kallo ɗaya za ka yi min in sauko.

Wata Juma’a a farkon damina na je gida bayan masallaci. Inna ta tafi barkar haihuwa a rugar su Goggo, Hansatu ta raka ta, don a lokacin yanar ido ta fara rufe wa Inna gani. A rumfarta, gefen rakoda, na ga kwando cike da kaset, duk hotunan matan Indiya. Na ce na Hansatu ne. Raina ya ɓaci, wai a gidanmu, a wannan zamani. Ban saka ko ɗaya na ji ba, ban jira kowa ba. Na juye su a leda, na ƙulle bakinta, na tafi Tafkin Gawo. Na tsaya a kan gaɓar nan mai tsayi inda ƙorama ke shiga, na wurga. Ledar ta ɗan yi yawo a sama kafin ta nutse. Na dawo gida ina jin kamar na yi aikin hajji.

Kafin magariba Inna ta dawo. Na ga ta zauna a rumfa, ta miƙa hannu gefen rakoda tana lalube. Ta ɗaga kwandon ta ji ba nauyi. Ta ce, “Kayan kwandon nan fa?” Na gyara murya na yi mata bayani, har da hadisi. Ta saurare ni har na gama. Ta ce, “To.” Ba ta ci tuwo ba ranar, na ce ko cikinta ne. Washegari na hau mota na koma Dutse.

Sai bayan mako uku Hansatu ta samu wanda zai rako ta, ta zo har ofis ta same ni. Ba ta zauna ba. Ta ce Inna ta daɗe da fito da kaset ɗinka daga adaka. Kullum da hantsi, in kowa ya tafi gona ko kiwo, sai ta saka ɗaya ta rage murya, ta kara kunnenta. Ta cusa su cikin na Hansatu ne don kada wani ya shigo ya gane, a ce ga ta tana begen ɗan fari. Da ganinta ya ragu, ta sa wuƙa ta yi wa kowanne yanka biyu a kusurwar hagu, irin shaidar da Baffa ke yi wa kunnen shanunmu, don ta gane naka da babban yatsa. Hansatu ta taɓa dawowa ɗaukar wani abu ta tarar da ita, ta juya a hankali kamar ba ta gani ba. Ta ce, “Goma sha ɗaya ne, Yaya Habu. Duka suna cikin kwandon.”

Ban san yadda zan kwatanta maka abin da na ji ba. Ba mu da kabarinka. Hotonka guda ne, kuma Inna ba ta ganinsa. Muryar ce kaɗai ta rage mata, ni kuma na ɗauka da hannuna na jefa a ruwa, na dawo na yi mata wa’azi a kai. Kunyar da ta sa ta ɓoye su ita ta hana ta cewa, Habu, na yayanka ne a ciki, je ka ɗauko. Da ta faɗa a ranar, da na shiga na lalubo su kafin duhu.

Na je wurin Liman na faɗa masa, ina fatan ya ce niyyata ta wanke ni. Ya dube ni ya ce, “Wa ya aike ka? Ko da waƙar ce zalla, ai kayan wani ne, sai ka tambayi mai su.” Ban ɗora wa kowa laifin nan ba, Yaya. Babu wanda ya ce in yi.

A cikin makonni ukun nan an yi manyan ruwa biyu. Na ɗauko masunta suka ja taru a gindin gaɓar tun safe har azahar. Suka fito da tarwaɗa da tsohon takalmi da ƙahon sa. Da rani ya yi, ruwa ya ja baya daga wurin, na zo da shebur na tone gindin gaɓar kaf. Yashi ne kawai. Ina zaune a bakin ramin, hannuna duk ya yi kanta, sai maganarka ta faɗo min kamar kana tsaye a kaina kana dariya. Kada ka ɓata ƙarfinka a inda ya faɗa. Na ɗaga kai na dubi tsakiyar tafki. Jan ruwan nan da ya taɓa jan ƙafata shi ya zo ta ƙasa ya ja ledar, ya tafi da ita can, ya rufe.

Amma tsakiyar Tafkin Gawo ba kowace shekara take ƙafewa ba. Wannan shekarar ba ta ƙafe ba, ta gaba ma haka. Na koma zuwa gida duk Juma’a. In na kwana na kai hantsi, sai in ga Inna ta je ta zauna a gefen rakoda, a kashe, hannunta a kansa. Ba ta taɓa yi min gori ba. Nono mai kyau ni take ajiye wa. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Duk ruwan da aka yi da damina, mutane suna hamdala, ni ina lissafin wani hawan laka ya ƙaru a kanka.

A shekara ta uku damina ta yi gajarta. Ana cikin bazara tafkin ya ƙafe ƙurmus, lakar tsakiya ta bushe ta tsattsage. Kowa yana kukan inda shanu za su sha, ni kuwa, Allah Ya yafe min, daɗi na ji. Na ɗauki hutu a ofis, na zo da diga da shebur. Na tsaya a bakin ƙorama na bi gangaren da ido yadda ka koya min, har inda ƙasa ta fi lotsawa, na fara tona a nan. Mutanen gari suna wucewa suna cewa Habu ya bar aikin gwamnati ya koma haƙar gaiwa. Na bar su a haka, don ya fi gaskiyar sauƙin faɗa.

Yaya, na ga abin da kake gani a bututunka. Da na sare gefen ramin ya miƙe, ga shi nan hawa-hawa: yashi mai kauri, sai rairayi, sai laka mai laushi kamar kwaɓin lalle, sai kuma wani yashin. Wani hawan faɗin yatsa, wani faɗin tafin hannu. Na sa yatsa ina bi ina ƙirgawa, ina cewa wannan ruwan bara ne, wannan na bara waccan, wannan mai kaurin shi ne wanda ya rushe katangar makaranta. Shekara da shekaru ina jin bayanin nan a bakinka, ban taɓa ganin kyansa ba sai ranar. Na juya in nuna wa wani, babu kowa a filin sai ni da zafin rana.

Rami bakwai na tona cikin kwana tara. A na bakwai, da zurfi ya kai min cinya, shebur ya taɓo leda a cikin wani hawan yashi. Ta yage tuntuni, kayan cikinta sun watse. Na ajiye shebur na koma tona da hannu. Kaset huɗu na samu. Na goge kusurwar na farko, lafiya lau, na Hansatu ne. Na biyu haka, na uku haka. Na huɗun na shafa da babban yatsa na ji yanka biyu. Na zauna a cikin ramin na yi kukan da ban yi ba ranar da direba ya kawo jakarka.

Na ƙara kwana biyu ina tona kewayen wurin, ban samu ko ɗaya ba. A kwana na uku hadari ya haɗo, aka yi ruwan fari, ramukana suka cika.

Na kai shi wurin wani mai gyaran rediyo a kasuwar Dutse. Mutumin ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya kwance shi, ya wanke zaren da ruwa mai tsabta, ya shanya a inuwa, ya naɗe shi a sabon gida. Muka saka. Babu komai sai shuuu, daga farko har ƙarshe, gaba da baya. Na sa ya maimaita sau uku ina kara kunne ko zan tsinci kalma ɗaya. Ko waƙar Indiyar ba ta tsira ba. Zai jefa tsohon gidan kaset ɗin a kwandon shara na riƙe hannunsa.

Ranar Juma’a na tafi gida da shi a aljihu. Na kwana ban iya fito da shi ba. Da hantsi, kowa ya fita, Inna ta je ta zauna a gefen rakoda. Na durƙusa a gabanta. Na shirya maganganu tun daga Dutse, na neman gafara, na bayanin inda na tona da yadda ruwa ya ci zaren. Ko ɗaya bai fito ba. Na kamo hannunta na sa mata shi a tafi, na ce, “Ba ya magana, Inna. Shi kaɗai na samu.”

Ta juya shi. Babban yatsanta ya tafi kusurwar hagu kai tsaye, ya tsaya a kan yankan. Ta shafa, ta sake shafawa.  Sannan, da murya ƙasa ƙasa, irin yadda take rage rakoda, ta ce:

“Haruna.”

Sau ɗaya ta faɗa. Ba ta ja shi ba, ba ta yi kuka ba. Ta ɗan ɗaga harafin tsakiya kamar mai kiran yaro daga bayan gida ya zo ya ci abinci. Ka ce ba ka san yadda sunanka yake a bakinta ba. Haka yake, Yaya. Lafiyayye ne, babu tsatsa a jikinsa, kamar wanda aka daɗe ana faɗa a inda ba mai ji. Kuma ba wayo aka yi mata ba.

Daga nan ta ɗaure shi a bakin zanenta, ta ce in duba ko an ba maraƙi ruwa. Ba ta sake faɗa ba har ta koma ga Allah, ni ma ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Hansatu. Da mata suka zo yi mata wanka, a bakin zanen suka kwance shi. Hansatu ta aiko min da shi daga Taura, inda take aure yanzu. Ga shi nan a kan teburina ina rubutun nan.

Sauran goman suna can. In na je gida da damina nakan tsaya a kan gaɓar in kalli jan ruwa yana shiga yana ɓacewa a layin kara. Na san inda za shi, na san abin da zai rufe. Yanzu na girme ka da shekara biyu, abin da ban taɓa zaton zai yiwu ba. Maganganunka suna nan a kaina, zan iya karanto maka kaset na uku kusan duka. Amma sautin yana gudu na. Jiya na yi ƙoƙarin tuno yadda kake cewa Habu, sai na ji muryata ce kawai. Ina kewarka, Yaya. Ina kewarku ku duka, kuma ɗakin nan shiru ya yi masa yawa.

Ka yafe min. Inna ta yafe tun ranar da ta ce to, na sani, amma muryar taka ce, kai ban roƙa ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya jiƙan Baffa, Ya jiƙan Inna. Allah Ya haskaka kabarinka a can ƙasar da ba mu sani ba, Ya saka wa waɗanda suka yi maka sutura da alheri. Allah Ya tara ku a gidan da babu rumbun da za a ɓuya a bayansa, ta kira ka da bakinta, ka amsa da naka. In tawa ta zo, Allah Ya sa in cika da imani, Ya ba ni wuri kusa da ku, ko daga gefe ne, in ji.

Wassalamu alaikum.

Ni ne ƙaninka mai narkakken kai,
Habu
Dutse